Scene Builder ta Gluon: gwana wajen zana ɓangare, mai jan ƙafa wajen maimaita shi

Scene Builder manhaja ce ta zana fuskar manhajojin kwamfuta da ake rubutawa da JavaFX, kayan aikin harshen Java na gina tagogi, kuma abu ɗaya tak take fitarwa, wato fayil na FXML, rubutun XML da ke fayyace waɗanne maɓallai da akwatunan rubutu da jadawalai ke cikin taga, wanne ke cikin wanne, da yadda za su jeru. Ba ta rubuta wa mutum shirin Java, ba ta harhaɗa komai, wato mayar da rubutun shiri abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, kuma ba ta gudanar da manhajar da ake ginawa. Masu yabonta galibi suna tsayawa ne a kan saurin da ake yi wajen haɗa taga ɗaya, a ja maɓalli daga hagu a ajiye a tsakiya a gyara siffofinsa a dama, kuma ta cancanci wannan yabo. Ma'aunin da na ɗora ta a kai daban ne. Idan aka gina ɓangare guda, misali akwatin shigar da bayani mai take a samansa da layin saƙon kuskure a ƙasansa, ana kuma so ya bayyana a tagogi masu yawa ba tare da an kwafe shi ba, ta yadda gyara ɗaya zai wadatar da ko'ina, yaya Scene Builder take ɗaukar wannan nauyi? Abin da na gani shi ne tana da ƙwarewa sosai wajen zana cikin ɓangaren, amma da zarar an zo maimaita shi sai ta bar wa mai rubuta manhaja mafi yawan aikin, wani lokaci ma ta nuna masa hanyar da ba ta ɓullewa.

Tarihinta yana bayyana wasu daga cikin halayenta. Kamfanin Sun Microsystems ne ya sanar da JavaFX a 2007, tare da wani harshen rubutu na musamman mai suna JavaFX Script. Bayan da Oracle ya sayi Sun a 2010 aka yi watsi da wannan harshe, JavaFX 2.0 da ya fito a 2011 ya koma Java zalla, ya kuma zo da FXML domin a raba zanen fuska da rubutun da ke sarrafa ta. Scene Builder ta farko ta fito a 2012, shekarar da JavaFX 2.2 ya kawo alamar fx:root da za a fayyace a gaba, ta biyu kuma ta biyo baya a 2014. A 2015 Oracle ya daina rarraba ta a shirye, ya bar tushen rubutunta a buɗe, sai kamfanin Gluon ya ɗauki nauyin ginawa da rarrabawa, kuma har yanzu daga gare shi ake saukewa, kyauta, ƙarƙashin lasisin BSD, ga masu Windows da macOS da Linux. Daga 2018, da fitowar JDK 11, wato kunshin kayan aikin Java, an cire JavaFX daga cikin JDK ya koma aiki mai zaman kansa da ake kira OpenJFX. Wadda mutum zai sauke a yau tsarin 2014 ne da aka ci gaba da kula da shi ana daidaita shi da sababbin fitowar JavaFX, don haka tana da natsuwar abin da ya daɗe ana aiki da shi, tana kuma da giɓin abin da ba a sake wa tunani daga tushe ba.

Tagarta kashi uku ce. A hagu akwai Library mai jerin abubuwan da za a iya ja, ƙarƙashinsa kuma Hierarchy da ke nuna yadda abubuwa suka shiga cikin juna, a tsakiya akwai filin zane, a dama kuma Inspector mai sassa uku na siffofi da jeri da haɗi da rubutun Java. Wajen zana cikin ɓangare ba ni da wani ƙorafi mai nauyi. Jadawalin GridPane, wanda rubuta shi da hannu ke nufin a riƙa ƙirga layuka da ginshiƙai a ka, yana zama abin gani da ido a ja a ajiye. Umarnin Wrap in yana naɗe abubuwan da aka zaɓa cikin sabon mazubi ba tare da an rushe komai ba, kuma tagar gwaji tana ba da damar a ja gefenta a ga yadda abubuwa za su miƙe ko su takure kafin a rubuta ko layi ɗaya na Java. Ga wanda bai gama sanin bambancin HBox.hgrow da maxWidth ba, sauya su a Inspector yana kallon sakamako nan take ya fi karanta bayani amfani.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen maimaitawa, domin manhajar tana ba da hanyoyi da suka yi kama da juna a ido alhali sakamakonsu ya sha bamban. Ana iya ɗaukar fayil na FXML a saka shi cikin Library, sai ya bayyana a jerin abubuwa kamar kowane maɓalli, a riƙa jan sa zuwa kowace taga. Mai sabon shiga zai ɗauka ya gama, ya samu ɓangaren da yake nema. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne duk lokacin da aka ja shi, Scene Builder tana kwafe abin da ke cikin fayil ɗin ne ta zuba a cikin sabuwar tagar, kuma daga wannan lokaci babu wata alaƙa tsakanin kwafin da asalin. Idan daga baya aka yanke shawarar layin kuskure ya koma gefen akwati maimakon ƙasansa, sai an bi tagogin ɗaya bayan ɗaya an gyara. Haka umarnin Import da ke ƙarƙashin File yake yi. Umarnin Include da ke kusa da shi ne kaɗai ke ajiye nuni zuwa ga fayil na asali, kuma babu wani gargaɗi a fuskar manhajar da zai sanar da mutum cewa kalmomin nan biyu masu kama da juna suna kai shi wurare mabambanta. A ganina wannan ne aibi mafi girma a tsarin fuskarta, saboda cutarwarsa ba ta bayyana sai bayan an gina tagogi da yawa a kansa.

Include yana rubuta alamar fx:include, kuma ita ce hanya ta farko ta gaskiya. Babbar taga tana ambaton sunan ƙaramin fayil, FXMLLoader kuma, wato sashen JavaFX mai karanta FXML ya gina abin da ke ciki, yana loda shi a wurin, ya ƙirƙira masa nasa ajin sarrafawa sabo, wato rubutun Java mai tafiyar da ɓangaren, a kowane wuri da aka ambace shi. Akwai ƙa'idar suna da ya kamata a sani: idan aka ba abin da aka shigo da shi fx:id mai suna adireshi, ajin sarrafa babbar tagar zai iya karɓar tushen ɓangaren a ma'ajiya mai suna adireshi, ya kuma karɓi ajin sarrafa shi a ma'ajiya mai suna adireshiController, da wannan ƙarin kalma daidai yadda take. Scene Builder tana tafiyar da wannan hanya lafiya. Tana nuna ɓangaren a matsayin dunƙule ɗaya da ba a taɓa cikinsa daga waje, tana ba da umarnin buɗe fayil ɗinsa a wata taga, kuma ba a buƙatar harhaɗa komai kafin a ga canjin da aka yi. Iyakarta ita ce babbar taga ba ta ganin komai sai tushen ɓangaren, wanda VBox ne, wato mazubi mai jera abubuwa daga sama zuwa ƙasa, ko GridPane kamar kowanne, saboda haka ba za a iya rubuta masa take ko a ce cika shi tilas ne daga cikin FXML ba, sai an koma Java an kira ajin sarrafa shi an gaya masa. Ga babban yanki da zai bayyana sau ɗaya a taga, kamar sandar gefe ko shafi ɗaya na TabPane, wannan ya isa, kuma ita nake ba da shawara. Ga ƙaramin ɓangare da zai bayyana sau goma a fom ɗaya kowanne da takensa, ba ta wadatarwa.

Wannan buƙata ce fx:root ta zo biya, kuma ya kamata a fayyace yadda take aiki, domin duk abin da ya rage na hukunci a kanta ya rataya. A fayil na FXML na yau da kullum, alamar farko ita ce ke ƙirƙirar tushen, a ce VBox, sai FXMLLoader ya gina shi ya miƙo. Da fx:root fayil ɗin ba ya ƙirƙirar tushe, yana faɗin irinsa ne kawai yana jiran a ba shi. Sai a rubuta aji na Java, a ce sunansa FilinBayani, wanda ya gaji VBox, a cikin magininsa, wato rubutun da ke gudana duk lokacin da aka ƙirƙire shi, a ƙirƙiri FXMLLoader da ke nuni ga fayil ɗin, a kira setRoot a miƙa masa ajin kansa, a kira setController a sake miƙa masa shi, sannan a kira load. Sakamakon shi ne abu ɗaya ya zama tushe kuma ya zama mai sarrafawa, abubuwan da aka zana a Scene Builder su zuba a cikinsa, ma'ajiyoyin da aka yi wa alamar @FXML su cika. Daga nan FilinBayani ya zama kamar Button ko TextField: ana iya ƙirƙirar sa da new a Java, ana kuma iya rubuta sunansa a matsayin alama a kowane fayil na FXML tare da siffofinsa, take ya zama kaza, tilas ya zama true. Sharaɗin kawai shi ne a bi ƙa'idar sunayen JavaFX, wato a samar da getTake da setTake da takeProperty, kuma idan aka yi haka Scene Builder za ta nuna siffar a Inspector ƙarƙashin Custom, a riƙa cike ta kamar kowace siffa ta asali. Lokacin da wannan ya kammala yana aiki, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, domin fom mai filaye goma sha biyu yana komawa layuka goma sha biyu masu sauƙin karantawa.

Gudummawar Scene Builder ga wannan tsari akwati ɗaya ne da ake dannawa a sashen Controller, mai rubutun Use fx:root construct, wanda ke sauya alamar farko ta fayil. Sauran duk na mai rubutu ne, kuma akwai ramuka a hanya da ba ta nuna masa. Idan ya bar fx:controller, wato wurin rubuta sunan ajin sarrafawa, a cikin fayil kuma ya kira setController, lodawa za ta tsaya da saƙon Controller value already specified. Idan ya manta da setRoot, za ta tsaya da saƙon cewa ba a saita tushe ba. Idan kuwa ya rubuta sunan FilinBayani a fx:controller ya bar kiran setController, to FXMLLoader zai ƙirƙiri sabon FilinBayani domin ya zama mai sarrafawa, maginin wannan kuma ya sake loda fayil ɗin, wanda zai sake ƙirƙirar wani, haka har ma'ajiyar kiraye-kiraye ta cika manhajar ta faɗi. Abin takaici shi ne hanya madaidaiciya, wato barin fx:controller babu komai, ita ce ke kashe ɗaya daga cikin taimakon Scene Builder mafi amfani, domin da wannan suna take gano ajin Java ta kawo jerin ma'ajiyoyi da ayyukan da za a zaɓa daga ciki. Ba tare da shi ba, kowane fx:id da kowane onAction da hannu ake buga shi, kuma ba mai duba ko ya dace da abin da ke cikin ajin. Umarnin Show Sample Controller Skeleton yana ɗan rage wahalar, tun da yana fitar da ƙwarangwal na aji da sunayen ma'ajiyoyi da za a kwafa, amma ƙwarangwal ɗin bai haɗa da maginin da ke loda fayil ba.

Akwai kuma batun jerin lokaci, wanda ba laifin Scene Builder ba ne amma duk mai bin wannan hanya zai ci karo da shi. Maginin ajin yana gudana ya gama, har da initialize, aikin da FXMLLoader ke kira da zarar ya gama lodawa, kafin FXMLLoader na babbar taga ya zo saka siffofin da aka rubuta. Wanda ya karanta take a cikin initialize domin ya rubuta shi a kan Label zai tarar babu komai. Maganin shi ne a ɗaure siffar rubutun Label da takeProperty, ta yadda duk lokacin da ƙimar ta iso za ta bayyana da kanta. Idan akwai ƙimar da dole a san ta tun a magini, alamar @NamedArg da ta zo da JavaFX 8 ce ke ba da damar a miƙa ta daga FXML.

Mataki na gaba shi ne shigar da FilinBayani cikin Library, kuma a nan ne manhajar ta fi jan ƙafa. Scene Builder ba ta san aikin da mutum ke ciki ba, fayil ɗaya kawai take gani, saboda haka sai an harhaɗa ajin, an ƙunshe shi da fayil ɗinsa na FXML cikin JAR, wato fayil mai ƙunshe azuzuwan Java da aka harhaɗa, an buɗe JAR/FXML Manager an shigo da shi. Tana kuma karɓar folda mai ɗauke da azuzuwan da aka harhaɗa, tana iya nemo laburare daga rumbunan Maven, inda ake ajiye laburaren Java, wanda ya sauƙaƙa shigo da tarin ɓangarori na wasu irin su ControlsFX. Yadda take tantance abin da ke cikin JAR shi ne ta ƙirƙiri kowane aji mai fuska da gaske ta gani ko zai tashi, kuma wannan yana da sakamako da ya kamata a yi tanadinsa tun wajen tsara ɓangaren. Magini mai neman rumbun bayanai, ko mai karanta fayil na saituna da ba ya nan, ko mai dogaro da wani JAR da ba a shigo da shi ba, zai faɗi, kuma ɓangaren kawai ba zai fito a jerin ba. Haka idan an harhaɗa ajin da Java da ta fi wadda Scene Builder ke ɗauke da ita sabunta, domin tana zuwa da injin Java nata kuma ba ya karanta azuzuwan da suka girme shi a lamba. A duk waɗannan yanayi abin da mutum ke gani jeri ne babu komai, dalilin kuma yana ɓoye cikin Show JAR Analysis Report, umarnin da ke can cikin ƙaramin jerin zaɓi na Library inda ba kowa ke leƙawa ba. Zan yi mata adalci a nan: tilasta wa ɓangare ya iya tashi shi kaɗai ba tare da sauran manhaja ba tarbiyya ce mai kyau, kuma ɓangaren da ya tsallake wannan jarrabawa ya fi sauƙin gwaji da maimaitawa. Abin da ba shi da uzuri shi ne yin shiru a kan dalilin faɗuwa.

Ƙari a kan haka, wannan Library na mai kwamfuta ne, ba na aikin ba. Yana zaune a foldar mai amfani, ba ya tafiya da sauran fayiloli zuwa Git, rumbun da abokan aiki ke haɗa rubutunsu a ciki, don haka kowane abokin aiki sai ya shigo da JAR ɗin a tasa kwamfutar, in ba haka ba fayil ɗin da ya ambaci FilinBayani ba zai buɗe masa yadda ya kamata ba. Wanda ke aiki a kan manhajoji biyu masu amfani da fitowa biyu na ɓangare ɗaya sai ya riƙa cirewa yana sakawa. Duk lokacin da aka ƙara wa ɓangaren siffa kuma, sai an sake harhaɗawa kafin Inspector ya gan ta. Qt Designer, takwaranta na tsarin gina tagogi mai suna Qt, ya magance makamanciyar wannan matsala da dabarar Promote to, inda ake ajiye abu na asali a matsayin wakili a rubuta sunan ajin da zai maye gurbinsa idan an harhaɗa, ta yadda zane ba ya tsayawa jiran ajin. Scene Builder ba ta da irin wannan wakilci, ko dai ta loda ajin na gaske ko a rasa shi gaba ɗaya, kodayake idan ta loda shi abin da ake gani a filin zane shi ne ainihin abin da zai fito, wanda wakilin Qt ba ya bayarwa.

Wani abu ƙarami da ke ɓata ɓangarori da yawa shi ne girman da take sakawa da kanta. Mazubin farko da aka ja zuwa fayil sabo yana zuwa da faɗi 600 da tsawo 400, tare da iyakokin girma da aka rubuta -Infinity, wanda a JavaFX ke nufin a tsaya a kan girman da aka zaɓa kada a miƙe kada a takure. Ga taga wannan ba laifi, amma ɓangaren da za a saka cikin wasu tagogi bai kamata ya zo da girmansa a ƙulle ba, mazubin da ya karɓe shi ne ya kamata ya yanke. Haka kuma duk jan gefen abu da linzami yana rubuta prefWidth da prefHeight a fayil. Umarnin Use Computed Sizes da ke ƙarƙashin Modify yana share waɗannan lambobi, kuma ya kamata ya zama abu na ƙarshe da ake dannawa kafin a ajiye kowane ɓangare.

Ta fuskar ado kuwa tana da abin da ya fi ƙarfin rubutun hannu, wato CSS Analyzer, wanda ke nuna kowace siffa ta abin da aka zaɓa da inda ƙimarta ta fito, ko daga jigon Modena da ya zama na asali tun JavaFX 8, ko daga fayil na CSS, inda ake rubuta launuka da sauran ado, ko daga Inspector, da wadda ta rinjayi wadda. Tana kuma sabunta zane da zarar an ajiye canji a fayil na CSS. Ga ɓangaren da za a maimaita, ya fi kyau a ba shi adonsa ta getUserAgentStylesheet, domin ado na wannan mataki shi ne mafi rauni a jerin fifiko, kuma hakan ke ba kowace taga damar sauya kamanninsa ba tare da kokawa ba.

Akwai farashin da FXML kansa ke ɗorawa, wanda babu manhajar zane da za ta ɗauke. A Qt, shirin uic yana mayar da fayil na .ui rubutun C++ tun lokacin harhaɗawa, a WPF na Microsoft kuma ana mayar da XAML zuwa BAML a ƙirƙiri ma'ajiyoyin abubuwan da aka raɗa wa suna, don haka kuskuren suna yana fitowa kafin manhaja ta tashi. FXML ana karanta shi ne lokacin da manhaja ke gudana, FXMLLoader yana bin XML yana nemo azuzuwa da ayyuka da sunayensu. Harafi ɗaya da ya kauce a fx:id yana barin ma'ajiya babu komai, sai NullPointerException ya fito ranar da aka buɗe wannan tagar, sunan fayil da ya kauce kuma yana kawo saƙon Location is not set. Tun da Java 9 ya kawo tsarin modul a 2017, sai kuma an buɗe wa javafx.fxml kunshin da ajin yake ciki da kalmar opens, in ba haka ba ba zai iya taɓa ma'ajiyoyin sirri ba. Sannan kowane FilinBayani da aka ƙirƙira yana sake karanta fayil ɗinsa daga farko. A fom mai filaye ashirin ba a jin nauyin, amma a cikin ListView ko TableView ana jin sa idan aka loda FXML a updateItem, aikin da ake kira duk lokacin da mai amfani ya gungura jerin. JavaFX yana ƙirƙirar 'yan gidaje, wato guraben layukan jerin, da suka isa cika allo ne yana sake amfani da su, saboda haka wurin lodawa shi ne maginin gidan, sau ɗaya, updateItem kuma ya tsaya ga sauya rubutu. Ga abu ƙarami ƙwarai da zai bayyana sau ɗaruruwa, rubuta shi da Java kai tsaye ya fi, haka ma abin da ake so a rufe cikinsa ruf, domin ajin da ya gaji VBox yana barin getChildren a buɗe ga kowa, kuma tsarin Control da Skin ne ke hana wannan, tsarin da Scene Builder ba ta da rawar takawa wajen gina shi.

Masu aiki a ƙungiya su lura cewa tana sake rubuta fayil da salonta duk lokacin da aka ajiye, tana jera siffofi yadda ta ga dama, tana kuma saka lambar fitowarta ta JavaFX a layin xmlns. Idan wannan lamba ta fi ta JavaFX da manhajar ke gudana a kai, FXMLLoader yana fitar da gargaɗi a kowace lodawa, wanda ba ya hana aiki amma yana cika rahoto da surutu, kuma mutum biyu masu fitowa daban za su riƙa sauya wannan layi a Git suna mayarwa. Maganin shi ne kowa ya girka fitowa ɗaya, wadda ta yi daidai da JavaFX ɗin aikin. Fassara zuwa harsuna tana tafiya da kyau: a rubuta alamar % da sunan mabuɗi a madadin rubutu, a nuna wa tagar gwaji fayil na fassara, a ga yadda doguwar jimla za ta zauna a maɓalli, kuma daga Java 9 waɗannan fayiloli ana karanta su da UTF-8, don haka haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ suna shiga kai tsaye. Sai dai ɓangaren fx:root yana da nasa FXMLLoader, ba ya gadon fassarar babbar taga, dole a miƙa masa tasa da setResources a cikin magini, in ba haka ba alamar % za ta hana shi tashi har a cikin Library.

Tsarin da ya fi rage waɗannan matsaloli shi ne a ware ɓangarorin a modul nasu na Maven ko Gradle wanda bai dogara da sauran manhajar ba, kowane aji da fayil ɗinsa na FXML su kasance a kunshi mai suna ɗaya, a harhaɗa modul ɗin da lambar Java da ba ta wuce ta Scene Builder ba, a kuma rubuta ɗan gwaji da ke ƙirƙirar kowane ɓangare sau ɗaya domin kuskuren suna ya fito wajen ginawa maimakon a hannun mai amfani. Da wannan shiri JAR ɗin da za a shigar cikin Library ƙarami ne, ba ya jan wasu laburare, kuma ba a sake shigo da shi sai an ƙara siffa ko an sauya kamanni. IntelliJ IDEA, shirin rubuta Java, yana da Scene Builder a cikinsa a wani shafi kusa da rubutun FXML, amma ga aikin da ya ƙunshi ɓangarori na kai na fi son a nuna masa wadda aka girka daban daga Gluon, domin a can ne JAR/FXML Manager da rahoton tantance JAR suke.